Gida da Baƙunci a Adabin Iyakar Gobir: Daga Alƙalawa zuwa Sabon Birni da Isa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna ware jigogi irin su wa'azi da madahu da yabo da zambo da siyasa, suna bin su waƙa bayan waƙa. Amma akwai wani jigo da ba a cika ba shi babi nasa na kansa ba, ko da yake yana ratsa da yawa daga cikin waɗancan, wato jigon gida da baƙunci: yadda mutumin da ya tashi da iyalinsa daga mazauninsa yake tuna inda ya baro, da yadda yake ji a inda ya sauka, da kuma matsayin da waɗanda ya tarar suke ba shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan jigo a yanki guda, wato ƙasar Sabon Birni da Isa da ke gabashin Jihar Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. An zaɓi wannan yanki ne domin da wuya a sami wani wuri a ƙasar Hausa da aka yi ta tashi da sauka a cikinsa kamar nan, tun daga ƙarni na 18 har zuwa shekarun nan namu.

Kafin a shiga tarihi, yana da kyau mai karatu ya lura da cewa Bahaushe bai haɗa kowane tashi a kalma ɗaya ba. Ƙaura tashi ne na ganin dama, mutum ya kwashe kayansa da rana tsaka. Cin rani tafiya ce mai wa'adi, da an ga hadarin farko an juyo. Gudu kuwa tashi ne na dole, kuma akwai ɗan abin kunya a jikin kalmar. Ita hijira ararriyar kalma ce daga Larabci, ta shigo da martabar addini, domin tana tuna wa mai ji fitar Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, daga Makka zuwa Madina. Wane tashi ne ya sami wane suna, kuma wa ya raɗa masa sunan, shi ne rabin abin da za a tattauna a nan.

2.0 Baƙin da Suka Gina Alƙalawa

Tarihin baka na Gobirawa tarihin tafiya ne tun daga farkonsa. Suna cewa daga gabas suka fito, suka zauna a Azbin, daga can suka gangaro kudu, suka yi zama a wurare irin su Birnin Lalle da Gwararrame. A farkon ƙarni na 18 suka fara shigowa ƙasar Zamfara a matsayin baƙi masu neman wurin noma da kiwo. An ce a gonar alƙalin Zamfara aka sauke su, kuma daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali. A tsakiyar ƙarnin, zamanin Sarkin Gobir Babari, baƙin nan suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir, sarakunan Zamfara kuma suka koma Kiyawa, daga baya zuriyarsu ta zauna Anka. Garba Nadama (1977) da Abdullahi Rafi Augi (1984) sun yi bayanin wannan zamani dalla-dalla a kundayensu na digirin digirgir, ɗaya ta fuskar Zamfara, ɗaya ta fuskar Gobir.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ma'ana, raɓa da hantsi ya dubi ludayi ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta sai ta sake tohowa. Labarin Alƙalawa ya ƙaryata wannan karin magana, domin a nan raɓar ce ta yi saiwa. Sai dai zaman bai yi tsawo ba. Birnin da Gobirawa suke ambato har yau a matsayin gidan asali bai wuce shekara hamsin da ɗoriya ba yana babban birninsu.

Su ma mutanen ɗaya ɓangaren jikokin matafiya ne. Toronkawa, dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga Futa Toro kakanninsu suka taso, suka zauna ƙasar Ƙonni. An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya tashi a Ɗagel. Ke nan rikicin da ya ɓarke a 1804 ya auku ne tsakanin jama'u biyu waɗanda kowaccensu take riƙe da labarin zuwanta daga wani wuri.

3.0 Hijirar da Ta Sami Alƙalami

A watan Fabrairu na 1804, wanda ya yi daidai da Zulƙida ta 1218, Shehu da jama'arsa suka bar Ɗagel zuwa Gudu, bayan dangantaka ta ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Wannan tashi na iyalai ne, maza da mata da yara da littattafai da dabbobi. Tun daga farko aka kira shi hijira, kuma a 1806 Shehu ya kammala Bayanu Wujubil Hijrati alal Ibadi, inda ya kafa hujjar wajabcinsa. Abin lura ga mai nazarin adabi shi ne, da tashi ya zama wajibi, sai ƙofar kewar inda aka baro ta ƙuntata. Mai hijira ba ya zama ya yi kukan garin da ya fita dominsa, domin kukan zai yi kama da nadama.

To, ina gida yake a wannan adabi? Amsar tana cikin waƙoƙin bege. Tun yana ɗan shekara ashirin Shehu ya tsara Daliyyarsa ta Larabci, wadda ta ginu a kan ƙishirwar zuwa Madina don ziyarar kabarin Annabi, kuma bai sami yin wannan tafiya ba har ya rasu a 1817. Waƙoƙin bege da na wa'azi da suka biyo baya, na Fulatanci da na Hausa, duk a kan wannan turba suke: duniya zango ce, mumini baƙo ne a cikinta, gidan gaskiya yana gaba. Saboda haka a rubutacciyar waƙa ta masu jihadi baƙunci daraja ne, kuma fuskar mai waƙa tana duban inda za a je.

Waƙar da ta fi kowace bin sawun wannan hijira ita ce ta Nana Asma'u (1793–1864), wadda ta tsara da Fulatanci da sunan Filitago a 1839, ƙanenta Isa ɗan Shehu kuma ya mayar da ita Hausa a 1865, aka san ta da Waƙar Gewaye. Asma'u tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka fita Ɗagel, don haka da ƙafarta ta yi tafiyar. Tana cikin jama'ar da ta ga yunwa da annoba bayan Tafkin Kwatto, ta ga ɗaukar ran da aka yi a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, a ƙarshen 1804, inda mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 suka yi shahada. Duk da haka, wanda ya karanta waƙar yana neman kewar yarinyar da aka raba da ɗakin uwarta ba zai same ta a fili ba. Abin da zai samu shi ne jerin masaukai da yaƙe-yaƙe, daga Gudu har Gwandu da Sifawa da Sakkwato, an shirya su yadda mai sauraro zai riƙa jin amon tarihin Annabi a bayansu. A ganina wannan kamewa ita ce ƙarfin waƙar. Ta ɗauki yawon shekaru na mutanen da ba su da tabbacin inda za su kwana, ta mayar da shi hanya miƙaƙƙiya mai mafari da maƙura. Da wannan ne 'ya'yan muhajirai suka gaji labarin da ya ba su ikon cewa Sakkwato da Wurno gidansu ne.

Inda muryar baƙunci mai ɗaci ta fito sosai shi ne wajen Abdullahi ɗan Fodiyo. A 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, ya janye jikinsa daga rundunar ya nufi gabas da niyyar wucewa ƙasa mai tsarki, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Waƙar da ya yi kan wannan hali tana cikin Tazyinul Waraƙati (1813), kuma abin da take ɗauke da shi shi ne abokansa na ƙwarai sun ƙare a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da hankalinsu ya koma ga mulki da dukiya. Wannan wani nau'i ne na baƙunci daban, na mutumin da ya zama bare a cikin jama'ar da shi da kansa ya taimaka aka kafa. Duk wanda ke neman mafarin jigon kaɗaici a adabin wannan yanki, daga nan ya kamata ya fara.

4.0 Waɗanda Suka Fita Daga Alƙalawa

A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Wasu Gobirawa suka miƙa wuya suka zauna, wasu aka kama su aka rarraba cikin gidaje, wasu kuma suka fita da iyalansu. Wannan ma tashin iyalai ne, da yara a goye da tsofaffi a kan jakuna, amma bai sami sunan hijira ba. Abin da ya iso hannun manazarta a rubuce game da shi kusan duka daga alƙalamin waɗanda suka yi nasara ne, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello (1812), kuma a can gudun abokan gaba ne. Bayan shekaru na zama nan da can, aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Asma'u ta yi wa wannan yaƙi waƙa ta musamman da Fulatanci. Bayansa ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, dab da Maraɗi, wajen Katsinawan da su ma jihadi ya fitar da su daga birninsu. Garuruwan nan biyu, ke nan, duka na masu jiran komawa gida ne.

Komawar ta zo, amma ta wata fuska. A rabi na biyu na ƙarni na 19 saɓani ya shiga tsakanin 'ya'yan sarautar Tsibiri, Ɗan Halima ya ɓalle da mutanensa ya yiwo yamma, ya daidaita da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufan Alƙalawa. Sunan garin shi kansa magana ce, domin ba a cewa sabo sai ana tune da tsoho. Mutanen sun dawo ƙasar kakanninsu, amma da iznin waɗanda suka fitar da kakannin, kuma ba su sake tayar da tsohon birnin ba.

Tun da ba a rubuta wa wannan jama'a Waƙar Gewaye tata ba, a ina ta ajiye labarinta? Ta ajiye shi a kirarin sarakuna da jerin sunayensu da maroƙa da makaɗan fada suke ambato, inda sunan Bawa Jangwarzo yake zaman turken da kowane Bagobiri ke ɗaure asalinsa. Ta ajiye shi a sarautar Inna, wadda ta bi su Tsibiri da Sabon Birni. Ta kuma ajiye shi a fuska. Tsagen Gobirci, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, rubutu ne da ba ya buƙatar tawada, kuma aikinsa a zamanin yaƙi da bauta shi ne duk inda yaro ya faɗa a san ɗan wane gida ne. Har Ilori akwai zuriyar Gobirawa mai riƙe da sarautar Sarkin Gobir, ga kuma wasan taubasantaka da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, wanda ke sa Bagobiri ya sauka a ƙasar Yarbawa da 'yar ƙafar da zai tsaya a kanta. Idan aka kwatanta da rubutacciyar waƙa, za a ga fuskar wannan adabi tana duban baya ne, inda aka baro.

Akwai kuma matan da aka kai gidajen Sakkwato da Wurno. Jean Boyd da Beverly Mack, waɗanda suka tattara ayyukan Asma'u a 1997, sun nuna cewa waƙoƙinta na Hausa da tsarin 'yan taru da jajinsu sun fuskanci irin waɗannan mata da na ƙauyuka, waɗanda a da bori ne mafakarsu. Idan haka ne, to wani kaso na rubutacciyar waƙar Hausa ta ƙarni na 19 ya samu ne saboda buƙatar mayar da baƙuwar dole 'yar gida.

5.0 Narambaɗa a Fadar Isa

Sarautar Sarkin Gobir ba a Tsibiri da Sabon Birni kaɗai take ba. Akwai ta a Gwadabawa, akwai ta kuma a Isa, inda masu riƙe da ita zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Wato sunan Gobir ya zama riga, wadda jikokin waɗanda aka ci da jikokin waɗanda suka ci duk suke sawa, garuruwansu kuwa maƙwabtan juna.

A wannan fada ta Isa ne Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa, a ƙarƙashin Sarkin Gobir Amadu. Masu tarihin rayuwarsa, irin su Sa'idu Muhammad Gusau da Aliyu Muhammad Bunza, sun kawo cewa a Tubali aka haife shi, mahaifinsa Maidangwale mutumin Filinge ne ta ƙasar Nijar, mahaifiyarsa kuma mutuniyar Badarawa ce, kuma ta wajenta ya gaji kotso. Ɗan baƙo ne ke nan ta wajen uba, a al'ummar da take lissafa asali ta wajen uba. Amma shi ne ya zama bakin fada, mai faɗa wa duniya wane ne ɗan asali. Babban tubalin yabonsa ga Amadu shi ne jingina shi ga Bello da Shehu, zambonsa kuma yakan faɗa kan 'yan sarkin da suka nemi gadon ba su samu ba, waɗanda yakan mayar da su tamkar bare a gidan ubansu. A nan za a ga aikin makaɗin fada ya wuce nishaɗi. Shi ne mai tsaron ƙofar asali, yana shigar da wani yana fitar da wani da fatar baki.

Shi kansa fa, da me ya kafa nasa matsayin? A Bakandamiya, wadda ita ce ya ɗauka uwar waƙoƙinsa, abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne gwanintarsa da fifikonsa a kan sauran makaɗa. Mutumin da ba shi da jerin kakanni a garin ya mayar da fasaha ta zama asalinsa. Ba zan so a ja wannan magana fiye da ƙima ba, domin yabon kai al'ada ce ta makaɗa, 'yan gado da haye duka. Amma abin sha'awa ne a ce ɗaya daga cikin fitattun waƙoƙinsa ta wani doki ce da ake kira Ɗan Filinge, wato sunan garin mahaifinsa ya shiga fadar Isa a kan ƙafa huɗu. Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Tubali ta faɗa cikinta, Isa ta tsaya a Sakkwato, har ya zama jihohi biyu kowace na iya cewa nata ne.

6.0 Iyaka, Cin Rani da Gudun Hijira

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Bayan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila, alhali tsakanin Tsibiri da Sabon Birni bai kai kilomita 100 ba, kuma gulbin Maraɗi da ya ratsa ta gefen Tsibiri shi ne yake gangarowa ya haɗu da gulbin Rima. Wani abin mamaki, tafintan wannan tawaga ta Faransa, Landeroin, yana cikin na farko da suka rubuta tarihin bakan Gobirawa daga bakin su kansu. Tafiyar da ta raba su ita ce ta adana labarinsu a takarda.

Iyakar ba ta hana zirga-zirga ba. Aikin tilas da haraji na Faransa sun turo mutane kudu, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta turo wasu, haka ma farin 1973 da na 1984. Cin rani kuwa ya zama sana'a. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda Prothero ya yi nazarinta, ta sami mutum fiye da 250,000 suna fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, wasunsu daga ƙasar Faransa suka ratso. Yawancin masu wannan tafiya maza ne, don haka rabon mata a cikinta shi ne jira, kuma wurin neman muryarsu shi ne waƙoƙin daka da niƙa da na reno. Ƙagaggen labari bai waiwayi wannan yanki sosai ba. Littafin da ya fi kusa da jigon shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi da uwar da ta bi sawunsa, amma shi bauta ce ta raba iyalin.

Daga 2019 hanyar Tsibiri ta sake cika da mutane. Hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato da Zamfara da Katsina sun sa fiye da mutum 40,000 sun ƙetara zuwa jihar Maraɗi kafin ƙarshen Satumba na shekarar, bisa ƙididdigar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, wasu kimanin 23,000 kuma suka bi su a Afrilun 2020, akasarinsu mata da yara. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A Agustan 2024 Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa, hakimin Gatawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Da yawa daga waɗanda suka ƙetara a gidajen mutanen ƙauyukan ƙasar Gidan Runji suka fara sauka, wato a kan hanyar da Ɗan Halima ya biyo zuwa yamma, su kuma suka bi ta zuwa gabas.

Sunan da aka ba su ya cancanci a tsaya a kansa. Kafofin watsa labarai suna kiransu 'yan gudun hijira, an haɗa kalmomin nan biyu da ƙarni na 19 ya raba, gudun Gobirawa da hijirar Jama'a, a cikin suna ɗaya. Martabar da ke cikin ta biyu ta zube, abin da ya rage shi ne tausayi da katin karɓar abinci. A takarda baƙi ne daga wata ƙasa, alhali mai masauki da baƙon nasa karin harshensu ɗaya, sau da yawa ma tsagensu ɗaya. Abin da matan nan suke rerawa a bakin turmi, da abin da matasa suke ɗauka a wayar hannu suna tura wa juna, shi ne kashi na gaba na adabin da aka bi sawunsa a nan, kuma irinsa ne ya salwanta bayan 1808 saboda rashin mai rubutawa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi suna cikin mafi kusa da bakin iyakar ta kowane gefe, kuma ɗalibansu na manyan digirori da suka fito daga waɗannan garuruwa su ne za su iya shiga gidajen da na'urar ɗaukar magana ba tare da an ɗauke su baƙi ba.